Lemon Ranar Lahadi

"Ba ni takardar nan in jefa ta a wuta, Meliame."

Meliame ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da shimfiɗa ganyen gwaza a kan teburin kicin, ta zuba naman tunkiya da albasa a tsakiya, ta kwarara madarar kwakwa, ta naɗe. Ƙunshi goma sha ɗaya ta yi, duk girmansu ɗaya.

"Da ke nake magana."

"Na ji, Mami."

"Kin ji, shi ya sa kika mayar da ni bango?"

Takardar tana aljihun rigarta, a ninke huɗu. Mako uku ke nan tana yawo da ita, har gefenta ya fara yin laushi.

Yau Asabar ce, ranar da Gwaggo Lavinia za ta zo ganinta. Gwaggo Lavinia yayar mahaifin Lisiate ce, kuma ɗan Tonga ko a tsibirinsu yake ko a nan ƙasar waje, a garin Mildura, yana aikin lemo, ba ya tsallake maganar gwaggonsa. Shekara biyu Lisiate yana neman auren Meliame, shekara biyu Gwaggo tana cewa a'a ta waya daga Sydney. Tana da wadda ta zaɓar masa, 'yar fasto, ma'aikaciyar jinya. Dalilinta kuwa guda ɗaya ne: Manase.

Manase ƙanen Meliame ne. Shekararsa goma sha tara, dogo, mai faɗin kafaɗa, amma bai taɓa kallon mutum cikin ido ba. Idan ya ji daɗi sai ya yi ta kaɗa hannuwa. Idan hayaniya ta yi masa yawa sai ya ciji bayan hannunsa, har wurin ya yi kanta. Magana ɗaya yakan maimaita ta sau ashirin. Abin da ya fi kowa sani shi ne ƙarar mota. Tun daga kwanar titi zai faɗi mai zuwa, kuma bai taɓa yin kuskure ba.

Matan coci sun daɗe da gano dalili. Lokacin da Mami take da cikinsa, marigayi mijinta yana kwance da ciwon baya, ta saci jiki ta je tsinkar lemo ranar Lahadi har sau uku. Wata ta gan ta. Da yaron ya kai shekara huɗu bai yi magana ba, aka ce ai ga sakamakon. Tun daga nan Mami ta koma bencin ƙarshe a coci.

Sai a watan jiya Gwaggo Lavinia ta zo taron coci, ta ga Meliame. Ta ga yarinya mai sunkuyar da kai, ba ta shiga hirar 'yammata, ta zauna a kusurwa yini guda tana saƙar tabarma ba ta ce uffan ba. Gwaggo ta ce irin wannan tarbiyya ko a Tonga ta yi wuya yanzu. Ta ce in dai laifin uwa ne ya faɗa kan ɗan, to 'yar ba ruwanta. Za ta zo ta gani da idonta.

A cikin makon ne kuma sakamakon gwajin jini ya fito, wato takardar da ke aljihunta.

Likitar Manase ce ta ba da shawara a gwada su duka. Ta zaunar da su ta yi musu bayani a hankali. Abin gado ne, sunansa Fragile X, Mami tana ɗauke da shi tun haihuwarta ba ta sani ba. A jikin namiji yakan fito fili. A jikin mace kuwa sau da yawa ɓuya yake yi, sai a ce kunya ce da ita.

Daga nan ta juyo ga Meliame. Shin kallon idon mutane yana yi mata nauyi? Shin idan ta dawo daga taro takan kulle kanta a ɗaki? Shin takan tsara magana a zuci sau goma kafin ta faɗe ta?

Meliame ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa.

"Mami," ta ce yanzu, idonta a kan ganyen, "likitar ta ce ba lemon ba ne."

"Ina zaune a wurin, na ji."

"Ta ce ko da a cikin coci kika kwana duk Lahadin..."

"Rufe mini baki!"

Mami ta ajiye wuƙar hannunta. Ta jawo kujera ta zauna, ta goge hannu da zane. Muryarta ta sauko.

"Saurara, 'yata. Idan zunubina ne, a kaina ya tsaya. Matar nan za ta ce uwa ta yi laifi, Ubangiji ya hukunta, magana ta ƙare. Idan kuwa jini ne, wa zai ɗauke ki? Likitar ta ce duk cikin da za ki yi rabi da rabi ne, ko ɗan ya gada ko ya tsira. Kina tsammanin Lavinia za ta ji rabi da rabi ta bar miki ɗan ƙaninta?"

Hawaye suka zubo wa Meliame a kan ganyen gwaza. Ta sa yatsa ta share.

"Shekara goma sha biyar suna nuna ki da baki, Mami."

"To na mutu ne? Na saba, ya zama mini kamar zanen ɗaurawa. Ki bar ni in ƙara yini ɗaya."

"Lisiate fa?"

"Bayan biki ki gaya masa, in kin ga dama."

Daga falo muryar Manase ta taso. "Motar Lisiate. Motar Lisiate. Motar Lisiate."

Lisiate ya zagayo ta bayan gida da buhun doya a kafaɗa. Tare suke aiki a rumfar tantance lemo, ita tana kan layi tana ware masu tabo, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya. Ya sauke buhun kusa da ramin gashi, inda ake gasa abinci a cikin ƙasa, ya gaida Manase ta taga ba tare da ya matsa masa ba, sannan ya tsaya gaban Meliame ya miƙo ƙafa.

"Yaya kika gan su?"

Sababbin takalma ne, baƙaƙe, suna ƙyalli.

"Sun yi kyau."

"Saboda ke na saya. Tunda takalmina kika fi sani a kan fuskata, na ce bari in yi musu kwalliya su wakilce ni."

Ta yi murmushi duk da abin da ke ranta.

"Na bar Gwaggo a gidanmu tana zaɓen riga ta uku," ya ce. "Ta taho da babbar tabarma daga Sydney, irin mai jan gashin tsuntsu a baki. Kin san abin da hakan yake nufi? Idan ta bar ta a gidan nan, an gama. 'Yar fasto sai ta nemi wani direban."

"Lisiate..."

"Na'am, sarauniyar layin lemo."

Ta sa hannu a aljihu. Ta taɓa takardar. Maganar da ta tsara tun daren jiya ta zo har bakinta.

"Kar ki ji tsoro," ya ce, ya rage murya. "Ki yi yadda kika saba kawai. Wannan kunyar taki ce ta saye ta. Amma bayan biki dai za ki kalle ni ko? Ko sau ɗaya a mako, kar in manta kalar idonki."

Hannunta ya fito daga aljihun babu komai.

"Je ka ɗauko ta," ta ce. "Abinci ya kusa."

Ƙarfe biyu da rabi Gwaggo Lavinia ta shigo. Mace ce mai jiki, da farin gashi a naɗe, da tabarma mai laushi ɗaure a kugu irin ta 'yan Tonga, wadda kowa ya gani ya san ta gado ce. Aka ba ta kujerar falon guda ɗaya, kowa ya zauna a ƙasa. Lisiate ya jingine naɗaɗɗiyar tabarmar a bango, ya koma bakin ƙofa ya naɗe ƙafa. Manase kuwa tun ɗazu Mami ta kai shi ɗakin baya, ta ba shi mujallar motoci, ta ja ƙofa.

Meliame ta durƙusa ta ajiye abinci a gaban baƙuwar.

"Kun gani?" in ji Gwaggo. "Ku dubi yadda take tafiya. 'Yammatan Sydney kuwa, yarinya za ta ƙura miki ido kamar za ta ciro miki haƙori. Wa ya naɗa wannan ƙunshin?"

"Ita ce," in ji Mami, wadda Gwaggo take kira da sunanta, Losaline.

"Kamar da ma'auni aka yi. Kai, Lisiate, rufe bakinka, ƙuda zai shiga. Ko ba ka taɓa ganin abinci ba ne?"

Lisiate ya yi dariya ya sunkuyar da kai.

"Ke 'yar nan, shekararki nawa?"

"Ashirin da huɗu, Gwaggo."

"Muryar ma sai an kasa kunne. Losaline, duk abin da ake faɗa a kanki, wannan dai kin yi tarbiyya."

Kowace kalmar yabo sai Meliame ta ji kamar an ɗora mata dutse. Kunnuwanta suka yi zafi. Ta ƙura wa yatsun ƙafar Gwaggo ido.

"Mu yi waƙa kafin mu ci," in ji Gwaggo.

Mami ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Wa zai ce wa gwaggo ta rage murya? Gwaggo Lavinia kuwa shekara talatin tana jan mawaƙan cocinsu. Ta ja numfashi ta saki murya, har gilashin taga ya amsa. Lisiate ya bi ta da tasa mai kauri.

Ba a kai baiti na biyu ba ƙofar ɗakin baya ta bugu da bango.

Manase ya fito da gudu, hannu ɗaya a kunne, ɗayan a baki yana cizo. Ya yi karo da kwanon doya ya kifar. Ya zagaya falon sau biyu yana wani irin gurnani, sannan ya zube a gaban Meliame, ya cusa kansa a cinyarta, ya ƙanƙame kugunta.

Waƙa ta tsaya.

Hannun Meliame ya san aikinsa. Ta danna tafinta a bayan wuyansa da ƙarfi, yadda yake so, tana ƙirga masa motocin layinsu ƙasa-ƙasa. Sai da ta kai ta huɗu ta tuna a gaban wa take. A al'adar Tonga, a gidan da ya san mutunci, namiji in ya wuce shekara goma ko ɗaki ɗaya ba ya zama da 'yar'uwarsa, balle ya taɓa jikinta.

"Wayyo ni," in ji Gwaggo a hankali. "Ƙato haka? A cinyar 'yar'uwarsa? Da rana tsaka?"

"Ki yi haƙuri," in ji Mami. "Ita kaɗai ce yake..."

"Na ji labari, amma ji daban gani daban." Gwaggo ta ture kwanon gabanta. "Losaline, ni ba zan ɓoye miki ba. 'Yarki ta kwanta mini. Amma ni zan raɗa wa 'ya'yan yaron nan suna, ni za a tambaya in wani abu ya faru. Ina so in ji daga bakinki, a gaban ɗana. Wannan abin, hannunki ne ya jawo shi? Kin yi aiki ranar Ubangiji da cikinsa, ko ba ki yi ba?"

Mami ta sunkuyar da kanta. Ta ja gwiwa a kan tabarma har gaban kujerar, mace mai shekara hamsin da biyu, da furfura a goshi.

"Na yi," ta ce. "Sau uku. Kwaɗayi ne da rashin dogara. Ni ce na..."

"Faɗi da ƙarfi, yaron nan bai ji ba."

"Ni ce na lalata ɗana da hannuna. Ba a zuriyarmu yake ba, ni ce..."

"Ba ita ba ce."

Sai da kowa ya waiwaya kafin Meliame ta gane daga bakinta maganar ta fito.

"Meliame!" in ji Mami.

"Ba ita ba ce, Gwaggo. Ba lemon ba ne."

Hannunta ɗaya yana wuyan Manase. Da ɗayan ta zaro takardar, ta ajiye a kan tabarma, ta tura ta gaba.

"An gwada jininmu. Gado ne. Mami da shi aka haife ta, ba ta yi komai ba. Babanmu yana kwance ne, babu abin da za mu ci, shi ya sa ta je." Ta dubi kan da ke cinyarta. "Kuma ba Manase kaɗai ba ne. Ni ma ina da shi."

"Ke?" Gwaggo ta yi wata gajeriyar dariya. "Ke da na gani da idona? Kar ki ɗauki laifin uwarki ki yafa, 'yar nan. Wannan ma cikin ladabin naki ne."

"Ba ladabi ba ne."

"Me kika ce?"

"Abin da kike yabo, ba ladabi ba ne, Gwaggo. Abin da yake sa Manase ya toshe kunne, shi yake sa ni zama a kusurwa. Nasa a fili yake, nawa a ciki. Ni an ce ina da kunya, shi an ce la'ana ce. Abu ɗaya ne."

Kukan Mami kaɗai ake ji.

"Ɗago ki kalle ni," in ji Gwaggo.

Meliame ta ɗago. Ta wuce gwiwa, ta wuce tabarmar kugu, ta kai haɓa. Ta kai ido. Sai ta ji kamar an haska mata fitilar mota a fuska. Ta ƙirga ɗaya. Ta ƙirga biyu. Kanta ya koma ƙasa da kansa.

"Ba na iyawa ne," ta ce, hawaye yana ɗiga a gashin Manase. "Tun ina yarinya ba na iyawa. Da kuka ce tarbiyya ce sai na yi shiru, don ya fi daɗin ji."

Gwaggo ta gyara zama. Ba ta taɓa takardar ba.

"'Ya'yan da za ki haifa fa?"

"Rabi da rabi."

Gwaggo ta dafa hannun kujera ta miƙe. "Lisiate, ɗauko tabarmar."

Sababbin takalman suna bakin ƙofa inda ya cire su. Meliame ta ga ƙafafunsa sun zo sun tsaya kusa da ita.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya. Babu wasa a muryarsa.

"Mako uku."

"Har da ɗazu, a bakin ramin gashi?"

Ta gyaɗa kai.

Ƙafafun suka juya. Ta ji ya ɗauki tabarmar, ta ji ƙofa, ta ji mota ta tashi.

Mami ta kwashe doyar da ta zube tas. Sannan ta tsaya da kwanon a hannu.

"Kin kashe aurenki saboda tsohuwa. Wa ya roƙe ki? Na ce miki na gaji ne?"

"Ba zan iya ganinki a ƙasa ba, Mami."

"Sai ki rufe ido! Ai kin iya!"

Maganar tana fita Mami ta toshe bakinta da hannu. Ta shige kicin ta rufo ƙofa.

Meliame ta ɗauki takardar, ta ja Manase suka fita bayan gida. Ta zauna a kan matakala. Shi kuma ya tsuguna jikin shinge yana jera duwatsu. Ramin gashi yana ta hayaƙi, sauran ƙunshin suna ciki babu mai ci. Jibi Litinin za ta koma layin lemo, motar ɗaga kaya za ta riƙa wucewa ta bayanta sau ɗari a yini. Gobe kuma coci. Ta san kafin a yi waƙar farko labari ya gama zaga benci.

"Motar Lisiate," in ji Manase.

"Ta tafi, Manase."

"Motar Lisiate. Motar Lisiate."

"Na ce ta tafi. Ka bari haka, don Allah."

Ya bar duwatsun ya miƙe yana kaɗa hannuwa. Sai a lokacin ta ji ƙarar da kanta, tana shigowa kwanar titi.

Ba ta motsa ba. Ta ji an rufe ƙofar mota, ƙofa ɗaya. Ta ji taku a kan tsakuwa. Takalman suka zo, sun yi ƙura yanzu. Bai tsaya a gabanta ba. Ya zauna a gefenta a kan matakalar, yana fuskantar shingen da take fuskanta.

"Ta ce ba za ta taka wurin biki ba," ya ce. "Ta ce ba za ta raɗa wa ɗana suna ba. Babana ko kallona bai yi ba, a gaban yayarsa ba shi da baki."

"To me ka dawo yi?"

"Na dawo in yi miki faɗa." Ya ja numfashi. "Mako uku, Meliame. Kullum muna cin abincin rana tare. Ina ta zuba miki surutun sunayen yara kamar wawa, kina ji."

"Kunya nake ji."

"Wacce daga ciki? Ta likita ko ta gaske?"

Ta yi dariya cikin kuka. "Ta gaske."

Manase ya zo ya ajiye masa dutse ɗaya a kan gwiwa, ya koma.

"Ina jin tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Lisiate. "Rabi da rabin nan tun a mota yake yi mini yawo a kai. Ban san ko ina da ƙarfin Maminki ba. Amma na ga yarinyar da ko shayi ba ta iya nema a wurin aiki ta katse Gwaggo Lavinia a tsakiyar magana. Ni shekara talatin ban taɓa iyawa ba."

"Lisiate, ko bayan biki ba zan kalle ka ba. Ba zai wuce ba. Haka nake."

"Na ji."

"Ka ji me?"

"Na ji sai in riƙa sayen takalma masu kyau." Ya miƙo tafin hannu. "Kawo takardar. Ki karanta mini a hankali, inda ban gane ba in tsayar da ke. Wanda ya fi ƙarfinmu mu koma wurin likitar tare."

Ta warware ninkin huɗu. Ya riƙe gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, kawunansu duka a sunkuye a kan layin farko.

Ba ta kai ƙarshen layin ba tagar kicin ta buɗe. Muryar Mami ta fito a dishe, har yanzu da fushi a cikinta.

"Ke Meliame. Tambaye shi ko ya ci abinci."